Amsar tambayar Hajiya: biyan ejan a dunƙule ko yankar tikiti da kanki

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki daga Nima, unguwar nan ta Accra. Kin ce kuna son zuwa Umara a azumi ku huɗu, da tsohuwa a ciki, kina tambaya wanne ya fi tsare miki kuɗi in abu ya ɓaci: ki biya ejan a dunƙule, wato fakej, ko ki yanki tikiti daban, ki kama otal daban. To, ki yi haƙuri, zan ɗan ja magana.

Bambancin yana wurin wanda za ki kama in an samu matsala. A fakej mutum ɗaya ne ya karɓi kuɗinki, shi ne zai amsa jirgi da masauki da motar Jidda zuwa Makka. In kin rarraba, kowa nasa ya sani. Jirgi ya soke tashi, mai otal bai damu ba, daren farko ya tafi. Otal ya ce babu sunanki, kamfanin jirgi ba ruwansa.

Amma nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Kariyar da 'yan'uwanmu na Landan ke faɗa, dokar can ce. A Ingila, mai sayar da fakej da jirgi a ciki dole ya shiga tsarin ATOL, mai kare kuɗin matafiya in kamfani ya karye, ya ba ka takardar shaida da zarar ka biya. Shi ya sa da kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook ya karye a Satumbar 2019, aka kwaso mutum kusan 150,000 aka mai da su gida ba su ƙara ko sisi ba. A Tarayyar Turai ma, tun 2018, in mai fakej ya ƙara farashi fiye da kashi 8 cikin ɗari, kana da damar fasawa a mayar maka da kuɗinka. Wannan rigar ba ta rufe wanda ya biya ejan a Accra ko Kumasi. Mu nan takardar da ke hannunki ita ce garkuwarki.

Saboda haka in fakej za ki yi, ki fara neman ganin lasisinsa na hukumar yawon buɗe ido, GTA, wadda dokar 2011 ta ba ikon yi wa masu shirya tafiye-tafiye rajista. Ki duba ranar ƙarewarsa. Ki tambaya ko yana da lambar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko kuwa ta hannun wani yake yankar tikiti, domin ƙananan ejan da yawa haka suke yi, kuma duk hannun da aka ƙara, dawo da kuɗi na ƙara wuya. Sannan a rubuta miki komai: sunan otal, ba "kusa da Harami" ba. Kusa ɗin nan yakan zama tafiyar da sai an hau bas. Kwana nawa a Makka, nawa a Madina, mutum nawa a ɗaki, da abinci ko babu, biza na ciki ko a'a, kuma nawa za a mayar in biza ba ta fito ba. Wannan na ƙarshen shi ake yawan tsallakewa don kunya. Hajiya, kunya ba ta dawo da kuɗi.

Kuɗin kuma ki tura asusun kamfani, a ba ki rasit mai hatimi. Kada ki tura MoMo, wato kuɗin waya, zuwa lambar wani yaron ofis. In da kati kika biya, banki na iya bin kuɗin idan ba a ba ki abin da kika saya ba, amma da wa'adi, yawanci kwana 120.

Yauwa, batun tikiti, ku saurara da kyau har da masu yi da kansu. Lambar nan mai harafi shida da ake ba ki in an kama miki jirgi ajiyar kujera ce kawai, tana iya faɗuwa in ejan bai biya ba. Tikitin gaske lamba 13 gare shi. Ki shiga shafin kamfanin jirgin, ki sa lambar da sunan mahaifi yadda yake a fasfo, ki gani da idonki.

In da kanki za ki haɗa, sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, kuma ke za ki zaɓi otal. Tarkon ɗaya ne babba: tikiti biyu daban. Daga filin jirgin Accra galibi sai an yada zango, ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Dubai, ko Istanbul. In duka tafiyar a tikiti ɗaya take, jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sa ki a na gaba. In kuwa kin sayi Accra zuwa Alƙahira daban, Alƙahira zuwa Jidda daban, jirgin farko ya makara, na biyun zai ce ba ki zo ba, yana iya soke har na dawowa. Kayanki ma sai kin fita kin karɓa, kuma fitar kan buƙaci bizar ƙasar. Otal kuma ki ɗauki wanda ake iya sokewa kyauta har biza ta fito, ko da ya ɗan fi tsada.

Akwai haƙƙin da kike da shi ta ko wace hanya, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999. Akwati ya ɓata ko ya fashe, diyya na iya kaiwa wajen dala 2,000 ga mutum ɗaya, gwargwadon asarar da kika iya nunawa. Abin yi shi ne ki cika takardar rahoton kaya kafin ki bar filin jirgi, ki riƙe ɗan tambarin da suka manna miki. Wanda ya lalace, ki rubuta koke cikin kwana 7. Wanda ya makara, kwana 21 daga ranar da ya iso hannunki.

A ganina, ku huɗu da tsohuwa a ciki, kuma a azumi lokacin da ɗakunan Makka ke wuyar samu, fakej ya fi, muddin an cika sharuɗɗan nan. Af, na manta, Alhaji ya tambayi inshorar tafiya: ka karanta ko ta haɗa da karyewar kamfani, yawancin masu arha asibiti da kaya kawai suke biya. Wassalam.