Tambaya da Amsa: Dokar Zubar da Ciki a Jihohin Amurka

Tambaya: Edita, na ji ana cewa a Amurka zubar da ciki halal ne a dokar wata jiha, amma laifi ne a maƙwabciyarta. Yaya haka ta kasance a ƙasa ɗaya?

Amsa: Haka abin yake, 'yar'uwa. Tun 1973 hukuncin Kotun Ƙoli ne ya ba mata wannan dama a faɗin ƙasar, har zuwa watan Yunin 2022 da kotun ta soke shi, ta mayar da lamarin hannun jihohi. Daga nan sai jam'iyyar da ke riƙe da majalisar jiha ta zama mai wuƙa da nama: jihohin 'yan Rifablikan irin su Texas suka haramta shi kusan gaba ɗaya, jihohin 'yan Dimokurat irin su Illinois suka bar ƙofa a buɗe.

Wahalar ta fi faɗawa kan talaka, domin mai hali za ta hau jirgi ta tsallaka wata jiha, wadda ba ta da shi kuwa sai ta haƙura. Likitoci ma, saboda tsoron ɗauri, sukan yi jinkirin taimakon macen da cikinta ya lalace har sai rayuwarta ta shiga haɗari, abin da ko masu goyon bayan haramcin ya kamata ya dame su.

Sai dai masu zaɓe ba kullum suke bin jam'iyya ba. A Kansas, jihar da Rifablikan ke rinjaye, jama'a sun ƙi amincewa da gyaran tsarin mulkin da zai share fagen haramcin a watan Agustan 2022.