Soso ba ya gyara daɓe

Sani, na saurari saƙonka. Ka ce daɓen falon gidan nan na Rayfield duk tudu da kwari ne, mai gidan kuma ya matsu ya tare, shi ne kake tambaya ko ka ninka soson ƙasa biyu ka shimfiɗa laminet, wato fallayen nan masu kama da katako, a kai. Kada ka soma.

Ka tuna laminet ba a manna shi, ba a buga masa ƙusa. Kwance yake, bakin wannan falle ya kama bakin wancan, kuma bakin nan siriri ne. Duk inda akwai rami a ƙasa, in an taka sai fallen ya lotsa ya dawo. Yau da gobe bakin ya karye, a fara jin ƙas-ƙas, tsaga ta buɗe. Soso biyu ƙara lotsawar yake yi. Na taɓa yin wannan gangancin a wani gida a Bukuru ina sabon hannu; damina ɗaya ba ta wuce ba aka kira ni, na ɗaye ɗaki guda da kuɗin aljihuna.

Share ƙasar tas, ka kankare busasshen siminti da fenti. Ɗauko renjin alminiyon, miƙaƙƙiyar sandar nan ta awo, mai mita 2, ka kwantar, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa da tocilar waya a bayansa. Inda haske ya ɓullo, rami ne. Inda renjin ya yi lilo, tudu ne. Zagaye kowanne da alli, ka gwada renjin a tsaye, a kwance, da karkace. Abin da ya wuce milimita 3 a mita 2 sai an gyara.

Fara da tudu. Goge shi da giranda mai faifan daimon, da takunkumi a hanci, don ƙurar siminti ba ta fita daga huhu. Masu ƙiwa sukan cike ɗakin duka har ya kamo tudun, buhuna su tafi a banza, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa.

Rami kuwa, kada magini ya ce zai shafa maka siminti da yashi. In ya yi siriri ɓarewa yake kamar ɓawon gyaɗa. Nemi garin nan mai baje kansa, selflebelin. Shafa firaima, ruwan shafen farko, tukuna ta bushe, in ba haka ba daɓen zai zuƙe ruwan kwaɓin. Ruwan ka auna yadda aka rubuta a buhu, ban da ƙari don ya yi gudu. Kwaɓa abin da za ka zuba cikin minti 15 kawai. Lissafinsa, mita ɗaya murabba'i mai kaurin milimita 1 tana cin kusan kilo 1.7.

Sai laima, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a Jos, musamman a watan Agusta. Sabon daɓe kusan kaurin milimita ɗaya yake bushewa a rana, a sanyin nan ma ya fi haka jinkiri. Manna leda da salatef a ƙasa, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, dakata.

In ta bushe, shimfiɗa ledar tare laima, gefe ya hau gefe santimita 20, sannan soso ɗaya. Kwalayen laminet su kwana biyu a ɗakin a kwance, kuma ka bar milimita 10 jikin bango, sikatin, katakon gindin bango, zai rufe.

Mai gidan ka bar ni da shi. Ranar Asabar zan biyo da giranda, ka tanadi janareto.