Yaya, ga amsar maganar kwalbar nan

Salamu alaikum 'yan gida, an wuni lafiya. Yaya na ga tambayarki tun ɗazu, ina wurin aiki ne. Siririyar kwalbar nan da aka kawo wa maigidanki tsaraba daga Kanada mai rubutun Icewine, kika ce ko lemon inabi ne a ba yara, a'a don Allah kar ki ba su, giya ce, barasar cikinta takan kai wajen kashi 10 cikin ɗari ko fiye, ki juya kwalbar za ki gani a rubuce. Zaƙin ne ke ruɗar mutane.

Amma bari ku ji yadda ake yinta don ni wallahi aikin yana burge ni, tunda a yankin Niagara nake, jihar Ontario, kuma akasarin ta Kanada a nan ake yi. Inabi ne ba a tsinke shi da kaka, sai a bar shi a jikin itacensa har Disamba ko Janairu wani lokacin ma Fabrairu, an lulluɓe shi da raga saboda tsuntsaye in ba haka ba su cinye shi tas. Dokar nan ita ce sai sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifiri kafin a taɓa shi, a Jamus inda abin ya samo asali 7 ne, kuma in ka sa a firiza ya daskare ba a yarda ka sa masa wannan sunan ba. Shi ya sa yawanci da tsakar dare ake fita, mutane da safar hannu da fitila, 'ya'yan sun yamushe sun yi jawur sun ƙandare, in suka faɗa kwando kina jin ƙwas ƙwas, kuma a take ake matsewa tun bai narke ba.

Kin san ƙanƙarar zoɓo in yaro ya tsotsa, zaƙin ya fito ya bar farar ƙanƙara a leda? To haka, ruwan ya tsaya a daskare a cikin injin matsa, abin da ke ɗigowa ɗan kaɗan ne mai kauri, sukarinsa ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Ni giyar ban sha ba kun sani, amma wannan ruwan na farko tun ba a zuba masa yis ɗin da ke mayar da shi giya ba, shi na ɗanɗana, na irin inabin da ake kira Vidal. Kai Yaya. Launinsa ruwan zinare, yana bin cokali a hankali, ƙamshin zuma da nunannen mangwaro ya fara bugun hanci, a baki zaƙi ya cika ko'ina har kin ce ai zai gundure ki, sai wani tsami ya taso daga baya ya wanke harshe, sai ki ji kina son ƙari. Wannan tsamin shi ne gaba ɗaya sirrin, sanyin bai tattara sukari kaɗai ba har da shi, kuma a ganina wanda ya ce zaƙi kawai ya ji to ya yi gaggawar haɗiyewa ne. Na inabin Riesling an ce ya fi tsami, na inabin Cabernet Franc kuma ja ne.

Masu shanta ɗan ƙaramin kofi suke zubawa bayan abinci, da sanyinta amma ba sosai ba don kar ƙamshin ya ɓuya, wasu su haɗa da cuku mai gishiri. Tun da ta kamfanin Inniskillin ta 1989 ta ci babbar lambar yabo a Bordeaux ta Faransa a 1991 sunan Kanada ya fita.

Tsadarta kuma ba banza ba, kwalbar mililita 375 ce kawai amma inabin da ta ci yana da yawa, tana yin watanni kafin ta nuna saboda yis ɗin yana shan wuya a cikin sukarin, ga shekarar da sanyin ya makara manomi yana zaune yana kallon amfaninsa yana lalacewa a gona, su nake tausayawa gaskiya. A gaida min yaran, sai anjima.