Amsar Baffa Kan Sallamar Soja Kafin Atisayen Daji

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni a nan Bauchi. Ka ce za a fita da bataliyarku atisayen daji, kana tambaya ko ya wajaba ka zo gida ka yi sallama kamar mai tafiya yaƙi, tunda abokanka sun ce horo ne kawai.

Abokan naka sun faɗi rabin gaskiya. Lokacin da na fito daga Defo na Zariya, wanda tun 1924 yake horar da kurata, atisaye yana da iyakarsa sananniya. Akan raba mu gida biyu, wasu su zama abokan gaba na wucin gadi, a shiga dajin Kachia ko na Jaji, a haƙa ramuka, a yi tafiyar dare da taswira, a kwana da takalmi a ƙafa, hafsoshi masu sa ido suna biye da mu suna rubuta wanda aka ce ya mutu da wanda ya tsira. Amma ko a wancan zamani akwai ranar harbi da harsashin gaske, kuma mu 'yan igwa mun fi kowa sanin nauyinta, domin mai ba da lissafi yana can gaba, mai harbi kuwa yana baya, ba ya ganin inda harsashinsa zai sauka, lamba ɗaya da aka ji ba daidai ba a rediyo ta isa ta jefa wuta kan 'yan uwa. Ga maciji, ga motar da ke tafiya cikin duhu an hana ta kunna fitila. Ban raina wannan wahala ba, don da aka kai mu Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a farkon shekarun 1990, sabon da hannu ya yi a Kachia ne ya yi aiki lokacin da zuciya ta rikice.

A zamaninku iyakar nan ta kusa gogewa. Tun 2016, lokacin da Laftanar Janar Tukur Buratai yake babban hafsan sojojin ƙasa, aka fara atisayen Harbin Kunama a yankin Dansadau ta Zamfara, aka yi Python Dance a kudu maso gabas da Crocodile Smile a Neja Delta, sannan Ayem Akpatuma a 2018 wajen Binuwai da Taraba. Sunansu atisaye, amma inda masu bindiga suke ake kai su, kuma wanda ke cikin dajin ba ya harba harsashin wasa.

Saboda haka sallama tana kanka, sai dai ba irin ta dā ba. Kakanninmu da Turawa suka ɗiba zuwa yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun bi dangi gida-gida, domin babu waya, babu kuma wanda ya san shekarar dawowa. Abin da ya rage wajibi daga wannan al'ada shi ne ka tsuguna gaban mahaifinka da mahaifiyarka, ka nemi gafara da albarka, ka bar wa iyalinka kuɗin cefane, ka kuma gaya wa mutum ɗaya amintacce bashin da ke kanka da wanda kake bi. Idan mahaifiyarka ta ce za ta toya masa ta raba sadaka, kada ka hana ta da cewa ai ba yaƙi ba ne. Hankalinta take kwantarwa. Batun layu da guraye da wasu za su kawo maka, ni dai na ga masu ɗamara da su sun faɗi, addu'ar iyaye ta ishe ka.

Wani ɓangare kuma da matasa ke mantawa shi ne kame baki. A gidan soja ba a faɗin dajin da za a shiga ko ranar tashi, ko ga surukai, balle a ɗora hoton ayarin motoci a Facebook. Wanda ya tambaya, a ce masa kana wajen aiki.

In ba a ba ka izinin fita daga bariki ba, ka kira mahaifinka da bakinka bayan sallar isha, kada ka aika masa da rubutaccen saƙo. Ka kuma je ofishin bataliya ka duba takardar magajinka ko tana buƙatar gyara, domin tun kafin aurenka ka cike ta.