Amsa: Yanke bakin bindigar farauta

Ka ce bindigar farautarka ta yi maka tsawo, kana so ka kai wa maƙeri ya rage bakinta don ta yi daɗin ajiyewa a gida. Kada ka soma. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana a mayar da tsawon bakin irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, kuma ko riƙe wadda aka yanke haka laifi ne, lasisinka ba zai cece ka ba.

Na taɓa harba wata da aka guntule haka a wurin farauta. Ƙararta sai da ta toshe mini kunne, ta doke ni a kafaɗa, harsashin ya watse, zabuwar kuwa ta tashi abinta. In tsawon ne matsalar, gindin katakon za a daidaita maka, amma wurin mai gyara da ke da izini.