Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ake sa ido kan duwatsu masu aman wuta daga nesa

A wannan fitowar mun haɗa tambayoyi huɗu da masu karatu suka aiko mana kan duwatsu masu aman wuta, kuma dukkansu suna komawa ne ga yadda masana ke sanin halin da dutse yake ciki alhali ba sa iya kusantarsa.

Tambaya: Na ga bidiyon dutsen Etna na ƙasar Italiya yana tsartuwar wuta zuwa sama, kuma mai ba da labarin ya faɗi tsawon wutar da yawan narkakken dutsen da ya fito. Tunda babu mai iya tsayawa a bakin ramin, da me aka auna? — Malamin sakandare, Zariya

Amsa: Malam, kafin mu zo ga awo, ya kamata a san abin da ke tunkuɗo wutar. Narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da tururin ruwa da iskar gas, kuma yayin da yake hawowa nauyin da ke danne shi yana raguwa, sai iskar ta fara neman mafita. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tuƙa tuwo ya san cewa muddin tukunyar tana da ruwa-ruwa tururi yana fita salin-alin, amma da zarar talgen ya yi kauri sai ya riƙe tururin har ya fashe ya fantsama wa mai tuƙi a hannu. Narkakken dutse mai kauri ƙwarai fashewa yake yi ya zama gari, garin ya tashi sama kilomita 10 ko 20 ko ma fiye. Mai ruwa-ruwa kuwa, idan iskar da ke cikinsa ta yi yawa, sai ta cillo shi ta bakin ramin ya yi tsiri na ɗaruruwan mitoci, wani lokaci har ya haura kilomita guda. Etna, wanda ke tsibirin Sisili kuma tsawonsa ya wuce mita 3,300, yakan haɗa biyun, wato tsirin wuta a ƙasa da ginshiƙin toka a samansa. Daga ranar 16 ga Fabrairu ta 2021 zuwa ƙarshen shekarar ya yi irin wannan tsiri fiye da sau 50, kuma akasarinsu ba su wuce 'yan sa'o'i ba.

Hukumar nazarin girgizar ƙasa da aman wuta ta Italiya, wadda ake kira INGV, tana da ɗakin sa ido a birnin Kataniya da ba a rufe shi dare da rana. Ta kafa kyamarori masu ganin zafi a jikin dutsen, kuma da yake an san nisan kowace kyamara daga ramin da kuma tsawon bakinsa, lissafin tsawon tsirin daga hoto ba shi da wuya. Akwai kuma na'urar rada a wani tudu mai suna Montagnola, kimanin kilomita 3 daga ƙololuwar dutsen, wadda ke aika igiyoyin rediyo su bugi duwatsun da ke tashi su dawo, daga nan a gane saurinsu da yawansu, ko da gajimare ya rufe wurin baki ɗaya.

Daga sama kuwa taurarin ɗan'adam ne ke aikin, kuma a nan ne akwai ciniki mai wuya tsakanin gani a kai a kai da gani dalla-dalla. Tauraron Meteosat na ƙasashen Turai yana can nisan kusan kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum yana fuskantar Afirka da Turai, kuma na'urarsa mai suna SEVIRI tana ɗaukar hoto kowane minti 15. Sai dai ɗigo guda a hotonsa ya ƙunshi fili mai faɗin kilomita 3 ko fiye, wanda ya fi bakin ramin girma nesa ba kusa ba. Tauraron Sentinel-2, wanda ke kusa da ƙasa, yana rarrabe abu mai faɗin mita 20 a zangon hasken da ido ba ya gani inda wuta ke bayyana, amma sai bayan kwana 5 ake sake samun hoton wuri ɗaya, alhali tsirin da ya fara da magariba ya ƙare kafin tsakar dare. Abin da ya ceci Meteosat shi ne akwai wani zango na hasken da ido ba ya gani wanda abu mai zafin digiri 1,000 ke haskawa a cikinsa ƙwarai, ta yadda ko ɗan ƙanƙanin yanki na ɗigon ne ya ɗauki wuta, sai awon ɗigon gaba ɗaya ya tashi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta auna yawan abin da ya fito. A lokacin da tsirin yake kan ganiyarsa toka takan kare shi daga idon tauraron, don haka masanan Kataniya sukan jira ya lafa, su bi yadda zafin narkakken dutsen da ya kwarara ke raguwa daga hoto zuwa hoto, tunda yadda yake hucewa yana nuna yawansa. Tsawon ginshiƙin toka kuma ana gane shi ne daga sanyin kansa, domin an san yadda iska ke ƙara sanyi yayin da ake hawa sama. Wannan awo yana da muhimmanci, saboda idan tsawon ginshiƙin ya ninka sau 2, abin da dutsen ke fitarwa a kowace daƙiƙa ya ninka kusan sau 16 ke nan.

Tambaya: Ina yawan tafiya Umara, kuma na ji an ce tokar dutse tana kashe injin jirgin sama. Gaskiya ne? Wa ke sanar da matuƙa? — Wani alhaji, Kano

Amsa: Alhaji, gaskiya ne. Ranar 24 ga Yuni ta 1982 wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 da ya taso daga Kuala Lumpur zuwa Ostireliya ya shiga cikin tokar dutsen Galunggung na Indunusiya da dare, injinansa huɗu duka suka mutu, ya yi ta gangarowa daga tsawon ƙafa 37,000 har zuwa wajen ƙafa 13,000 kafin su sake tashi, sannan ya sauka lafiya a Jakarta da gilashin gabansa a goge kamar an bi shi da yashi. Abin da dutse ke fesowa garin dutse ne da gilashi mai kaifi, yana narkewa a wajen digiri 1,100, cikin injin jirgi kuwa ya fi haka zafi, sai ya narke ya manne a sassan injin ya toshe hanyar iska. Na'urar rada da ke hancin jirgi an yi ta ne don ganin ɗigon ruwa da ƙanƙara, wannan gari kuwa ya yi mata ƙanƙanta, don haka matuƙi ba ya ganinsa a allonsa.

Bayan wannan da wani makamancinsa a Alaska a 1989, an kafa cibiyoyi 9 a duniya masu ba da gargaɗi kan tokar duwatsu, aka raba musu sararin samaniya. Afirka da yankin Larabawa suna hannun cibiyar birnin Tulus na Faransa, wato ita ce ke lura da hanyar da jirage ke bi daga Kano ko Yamai zuwa Jidda da Madina. Babban makaminsu wata dabara ce da masani Fred Prata ya bayyana a 1989. Ana auna gajimare a zango biyu masu maƙwabtaka na hasken da ido ba ya gani, kuma gajimaren ruwa ya fi shanye na biyun, toka kuwa ta fi shanye na farkon, saboda haka idan aka debe awon ɗaya daga ɗaya sai tokar ta fito daban a taswira. Matsalar da ta shafi yankinmu ita ce ƙurar Sahara, wadda ke kawo mana hazo a lokacin hunturu, tana ba da alama irin ta toka, tunda ita ma garin dutse ce. Don haka sai an haɗa da neman iskar farar wuta, wadda dutse ke fitarwa amma hamada ba ta fitarwa, kuma tauraron Sentinel-5P da aka harba a 2017 yana auna ta a faɗin duniya kowace rana.

A watan Yuni na 2011 dutsen Nabro da ke Eritiriya, wanda tarihi bai taɓa rubuta amansa ba, ya fashe, aka soke tashin jirage da dama a gabashin Afirka. Da farko an ɗauka maƙwabcinsa Dubbi ne, sai da hotunan taurarin ɗan'adam suka nuna ainihin inda tokar ke fitowa.

Tambaya: Shin tauraron ɗan'adam zai iya faɗin ranar da dutse zai fashe, don mutane su gudu tun da wuri? — Ɗalibar jami'a, Maraɗi

Amsa: Malama, rana kam ba zai faɗa ba, amma sau da yawa yana nuna cewa wani abu yana motsi a ƙasa. Idan narkakken dutse ya kutso ƙarƙashin wani wuri, doron ƙasa yakan kumbura ko ya dare da 'yan santimitoci. Tauraro mai na'urar rada, irin Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014, yana ɗaukar hoton wurin yau, ya sake ɗauka bayan kwana 6 ko 12, sai a ɗora hotunan biyu a kan juna a ga inda nisan da ke tsakanin ƙasa da tauraron ya canja. Sakamakon yakan fito da zobba masu launi, kowace zobe tana nufin motsi na kusan santimita 3, kuma mai nazari yana ƙirga su ne ya san yawan kumburin da zurfin abin da ya jawo shi.

Misalin da zai fi kusa da zukatan masu karatunmu yana ƙasar Saudiyya. Baƙin duwatsun da mahajjata ke gani a gefen Madina narkakken dutse ne da ya daskare, kuma a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta ɓulla a kudu maso gabashin birnin ta yi kwana 52 tana kwarara, malaman tarihi na zamanin suka rubuta labarinta. A 2009 kuma, a yankin Harrat Lunayyir da ke arewa maso yammacin Madina, an yi ƙananan girgizar ƙasa fiye da 30,000 cikin 'yan watanni, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8, hukumomi suka kwashe kusan mutum 40,000 daga garin Al-Ais da kewayensa. Hotunan rada ne suka nuna cewa narkakken dutse ya hawo har ya rage masa kusan kilomita 2 ya fito, sannan ya tsaya. Ba a yi aman wutar ba, kuma a ganina kwashe mutanen daidai ne, domin babu wata na'ura da a lokacin za ta iya tabbatar da cewa zai tsaya.

Akwai kuma inda gargaɗin bai zo ba sam. Ranar 22 ga Mayu ta 2021 gefen dutsen Nyiragongo na Kwango ya tsage, narkakken dutse ya kwarara zuwa bakin birnin Goma, fiye da mutum 30 suka rasu, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa alamun girgiza sun fara ne ƙasa da sa'a guda kafin fitowar wutar. Tauraron da sai bayan kwanaki yake dawowa ba shi da abin yi a irin wannan. Amfaninsa ya bayyana ne a kwanakin da suka biyo baya, lokacin da hotunan rada da na'urorin auna girgiza suka nuna narkakken dutse yana ratsawa a ƙarƙashin birnin zuwa tafkin Kibu, har aka ba da umarnin ficewa ranar 27 ga watan, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Dabarar rada ɗin ma tana da nata rauni, domin daji mai duhuwa yana ɓata hoton, tururin ruwa a iska kuma yakan haifar da zobban ƙarya da mai gaggawa zai ɗauka kumburi ne. Shi ya sa ƙasar da ta dogara ga hotunan sama ta bar na'urorin auna girgiza da ke jikin dutse suka lalace, ko ta bar ma'aikatansu ba albashi, ta yi ganganci.

Tambaya: Mu a nan yankin muna da irin waɗannan duwatsu kuwa, kuma ana sa musu ido? — Ɗan kasuwa, Ngaundare

Amsa: Alhaji, cikin waɗanda suka yi aman wuta a zamaninmu, mafi kusa da ku shi ne Dutsen Kamaru da ke saman garin Buya, mai tsawon fiye da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Gefensa mai fuskantar teku yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, gajimare ba ya cika barinsa, saboda haka kyamarorin taurari sukan yi kwanaki ba su gan shi ba, sai dai rada. A Najeriya akwai tsofaffin ramukan aman wuta a tudun Biu da kuma wajen Panyam da Kerang a jihar Filato, amma babu wanda aka rubuta amansa a tarihi.

Haɗarin da ya fi yi wa Kamaru ɓarna kuwa ba a ganin tahowarsa daga sama. Daren 21 ga Agusta ta 1986 tafkin Nyos, wanda ke cikin wani tsohon ramin aman wuta ba nisa da iyakar Najeriya, ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta kwarara cikin kwaruruka ta shaƙe fiye da mutum 1,700 da dabbobi masu yawa. Iskar tana narke ne a cikin ruwan can ƙasa inda hasken tauraro ba ya kaiwa, don haka sai an shiga tafkin da kwale-kwale an zura na'ura kafin a san yawanta. Tun daga 2001 aka fara kafa bututu a tsakiyar tafkin, wanda ke zuƙo ruwan ƙasan yana feso shi sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, kuma an ƙara wasu biyu a 2011.