Awa nawa ne daga Yamai zuwa Jidda?

Ka ce tikitin Hajiyar nan ya ɗaure maka kai, tafiya awa 7 da rabi, dawowa awa 3 da rabi, alhali hanyar ɗaya ce. Har kana zargin kwamfuta. Jawo kujera, yaro, kwamfuta ba ta yi kure ba.

Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, na agogon garin da filin jirgin yake ne. Saudiyya ta riga mu da awa 2. Dubi nan: tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ƙarfe 8 na safe, sauka Jidda 3 da rabi na rana. A lokacin nan agogon hannun Hajiya 1 da rabi zai nuna, in ba ta gyara shi ba. Ka ga awa 5 da rabi ta yi a jirgi. A dawowa sai ka ƙara awa 2 ɗin maimakon ka cire, lissafin ya koma daidai.

Nisan kuwa, in ka miƙa zare daga Yamai zuwa Jidda, wajen kilomita 4,000 ne. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa. Kai da ka fito lakwal za ka raba ka ce awa 5 ma ba ta cika ba. To, jirgi ba haka yake tafiya ba. Agogon tikiti yana fara ƙirga ne tun daga sanda jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki mutane, ya yi ta rarrafe zuwa titin tashi, ya hau a hankali, ya sauko a hankali. Lokacin aikin Hajji kuma Jidda cunkushe take, wani sa'in sai ya yi ta shawagi yana jiran a ba shi izinin sauka. Ga iska, ran da take bayansa ya yi sauri, ran da ta tare shi gaba ya ja jiki. Zaren nan da na ce ma ta kan Chadi da Sudan ya bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa kewayewa suke yi.

Wannan duk na jirgin da ke miƙewa kai tsaye ne, irin na alhazai. Mai zuwa Umra yawanci sai ya yada zango. Ta Adis Ababa, Yamai zuwa can kaɗai ya kai kusan nisan Jiddar gaba ɗaya, sannan a ƙara wajen kilomita 1,400, ban da zaman jira. Zaman nan shi ke cinye yini, shi za ka fara duba wa tsoho mai ciwon ƙafa kafin ka dubi kuɗin tikiti.

Ina yaron shago kamarka na taɓa gaya wa wasu mutanen Tahoua lokacin saukar mahaifiyarsu, na cire awa 2 daga lokacin da dama na Yamai ne. Tun kafin asuba suka jeru bakin fili da kwanon fura, cikin sanyin hunturu. Da suka dawo shago, maigidana bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini tikitin ya ce in karanta da ƙarfi gaban kowa.

Ɗauko na Alhajin nan mai bi ta Istanbul ka lissafa mini. Su ma awa 2 suka riga mu.